Mun Faɗa wa Babanta

Zuwa ga Baban Yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da abokan aikinka, da fatan ciwon bayan nan da zaman buldoza yake jawo maka ya yi sauƙi. Mu nan jiki da sauƙi, amma zuciyata ba lafiya ba, shi ya sa ka ga takarda maimakon kira. Na kira ka har na gaji. In an yi sa'a ta shiga, sai ka ce "to, to, ina ji," ƙarar inji ta cinye rabin maganata, sannan sabis ya ɗauke. Wannan maganar kuwa ba ta "to, to" ba ce. Direban da ke kai muku kaya wurin aikin hanya ya ce zai miƙa maka hannu da hannu. Ka sami wuri ka zauna ka karanta har ƙarshe.

Ka san zauren nan na waya da makarantar su Auta ta buɗe wa iyayen 'yan aji biyu, inda ake sanar da mu hutu da ranar wasanni da wanda ya yar da kwalbar ruwansa. Ranar Litinin ina gidan burodi, na fito da tire na ƙarshe daga tanda ke nan, hannuna duk fulawa, na ji waya tana ta kuka a aljihun rigar aiki. Na goge hannu na duba. Malamar ajinsu ce, mai tabarau ɗin nan da ba ta cika magana ba. Ga abin da ta rubuta, na kwafe maka shi yadda yake don kada ka ce na ƙara gishiri:

"Maman Auta, yau ma ta yi fitsari a aji. Ta shanye ruwanta, ta shanye na ƙawayenta, sannan ta yi ta barci a kan tebur. Abin ya yi yawa. Don Allah ki zo mu yi magana."

A zaure, Baban Yara! Ba a wayata ni kaɗai ba. A gaban iyayen aji guda, maza da mata, har da matar mai shagon bakin layinmu, wadda ka san bakinta ba shi da murfi. Kafin in gama karantawa amsoshi sun fara zuba. Wata ta ce Allah ya shirya. Wata ta ce in daina ba ta ruwa da yamma, haka ta yi wa nata. Wani ƙato da 'ya'yansa ya turo fuskar dariya. Mutum ɗaya ne kawai ya ce, "Malama, ai irin wannan ta gefe ake turawa." Sai a lokacin ta goge. Ta goge me? Wanda zai gani ya gani, wanda zai ajiye ya ajiye.

Na tsaya gaban tanda kunnuwana suna zafi, har mai gidan burodi ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Na ce a'a. Na rasa ma yadda zan ce masa an tsiraita mini 'ya a bainar jama'a da tsakar rana.

Abin da ya fi cizona shi ne kalmar nan, "yau ma." Yau ma? Ashe ba yau aka fara ba. To tun yaushe? Wa ya taɓa gaya mini? Makarantar da ba ta gajiya da tuna mana launin safar da yara za su sa, ita ce ta kasa buɗe baki ta ce mini 'yata tana jiƙa kujera, sai ranar da ta ga dama ta yi shela.

Da na koma gida na tarar da Auta a kwance. Ban ce mata komai ba, na ɗauka ba ta san abin da ya faru ba. Washegari ta tafi makaranta ta dawo idanunta jajur. Da kyar yayarta, Babba, ta gaya mini. Iyaye sun karanta saƙon a gaban yaransu, yaran sun kawo shi aji. Yanzu sunanta Famfo. Tana wucewa sai su riƙa yin ƙarar ruwa da baki. Yarinya 'yar shekara bakwai! Jiya da safe ta shige ƙarƙashin gado ta rungume ƙafar gadon, ta ce ko za a kashe ta ba za ta je ba. Babba ta yi ta lallashi har ita ma ta makara, aka tsayar da ita a get.

Na kira lambar ofishin makarantar. Sakatariya ta ce Hedimasta yana ganawa. Na sake kira, yana ganawa. Ban san da wa yake wannan ganawar da ba ta ƙarewa ba. Na roƙi izini a wurin aiki, gobe da ƙafata zan je. Wallahi sai malamar nan ta san ta taɓa 'yar mutane.

Kai ka yi wa Auta rajista, kai suka sani, kuma na lura muryar namiji ta fi saurin buɗe ƙofar ofishin nan. In ka samu sabis ka kira Hedimasta ka nuna masa ranka ya ɓaci. Kada ka yi masa irin sanyin nan naka.

Inna tana gaishe ka, ƙafarta ta yi sauƙi. Ban gaya mata ba tukuna. Babba tana gaishe ka. Auta ba ta ce komai ba, amma na san tana kewarka. Ka kula da kanka, ka riƙa cin abinci a kan lokaci.

Matarka,
Uwar Yara

*

Baban Yara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka saboda gaisuwa wajibi ce, kuma ina fata kana lafiya, domin ina so ka kasance da lafiyar da za ka amsa mini abin da zan tambaye ka.

Na je makarantar. Tun daga get mai gadi ya tare ni, wai an ba ni lokaci? Na ce masa lokacin da aka tozarta 'yata ba a nemi lokaci a wurina ba. Ya matsa. Sakatariya ta nuna mini bencin da ke jikin bango, ƙarƙashin allon da suke manna zanen yara, ta ci gaba da danne-dannenta. Na zauna aka buga ƙararrawar hutu, yara suka fito suka koma, ina nan. Sai da na miƙe na nufi ƙofar da kaina sannan aka tuna da ni.

Ka san Hedimasta da murmushinsa. Fanka na kaɗawa, kofunan gasa jere a bayansa, ya nuna mini kujera kamar na zo biki. Ya ce sun yi baƙin ciki ƙwarai. Ya ce kuskuren malama ne ita kaɗai, domin dokar makaranta ta hana malami ya yi magana da iyaye kai tsaye, duk abin da ya shafi yaro ta ofis yake bi. Na ce madalla da doka. To ofishin me ya hana shi gaya mini? Sai ya kalli sakatariya, ta kalle shi, ya gyara zama ya ce:

"Ai mun faɗa wa babanta."

Na ce wane baban? Ya kira sunanka. Ya ce tun farkon zangon nan malama ta kawo ƙorafi, suka kira lambar da ke wurinsu, wato taka. Ba sau ɗaya ba. Ya ce ka amsa da mutunci, ka yi godiya, ka ce yarinta ce za ta daina, za ka duba lamarin in ka zo hutu. Ya ce har ka roƙe su kada su dami uwarta, tana da aiki kuma tana da saurin fushi.

Baban Yara, ka taɓa jin ƙasa ta zame ƙarƙashin ƙafarka kana zaune? Na shiga ofishin nan da wuta a bakina, mutumin nan ya kashe ta da sunan mijina. Sakatariya ta sunkuyar da kai tana ɓoye murmushi. Ni da nake rubuta maka cewa ka kira su ka nuna ɓacin rai, ashe kun daɗe kuna hira. Sabis ɗin da ba ya ɗaukar muryata, ashe yana ɗaukar ta Hedimasta tsaf.

Na tambaye shi me ya sa ofis ba shi da lambata, alhali ga ta a zaure. Ya ce tsarinsu lamba ɗaya ce ga kowane yaro, ta mai gida. Na ce mai gidan yana can bayan duniya yana ture ƙasa, ni ce nake kwana nake tashi da yarinyar. Ya ce ya fahimta, amma tsari tsari ne.

Fushin da na kasa sauke maka, da wanda na kasa sauke masa, duk malama ta kwashe. Ya aika aka kira ta. Ta shigo hannunta da alli, ta tsaya bakin ƙofa. Ta fara cewa, "Maman Auta, ki yafe mini, amma ba fitsarin ne ya dame ni ba," na katse ta. Na ce ba na son jin komai daga bakinta. Na ce da ta san zafin haihuwa da ba ta yi wa 'yar wani haka ba. Ta cire tabarau ta riƙe. Na ce wa Hedimasta ko a hukunta ta ko in cire 'yata in kuma gaya wa duk wanda na sani dalili. Nan take murmushin ya ɓace, ya ce zai ɗauki mataki.

Ina fita get wata mata ta sha gabana, Maman 'Yan Biyu, nas ce, tagwayenta suna aji ɗaya da Auta. Ta ce ta karanta saƙon kafin a goge, kuma tun ranar abin yake damunta. Ta ce yawan ƙishirwa da yawan fitsari da barci a wurin yaro ba abin wasa ba ne, in kai ta a gwada jininta yau yau. Na ce ta je ta ji da tagwayenta, na gaji da likitocin zaure. Haka na ce mata, na wuce.

A gida na tsare Babba a ɗaki. Ba ta daɗe ba ta fashe da kuka. Ka san ina fita gidan burodi tun gari bai waye ba, ita ke shirya ƙanwarta. Ta ce an daɗe Auta tana jiƙa katifa. Ina fita sai ta cire zanin gado ta wanke ta shanya a bayan ɗaki, ta kife katifar, kafin in dawo ya bushe. Auta ce ta roƙe ta kada ta faɗa. Ta ce a makaranta kuma mai shara ce ke ɗauraye yunifom ɗin ta shanya a kan katanga, ta sa mata wani na aro har a tashi.

Ka lissafa da kanka. Malama ta sani, mai shara ta sani, sakatariya da Hedimasta sun sani, Babba ta sani, kai ka sani. Wadda ta ɗauki cikin yarinyar ita kaɗai aka bari a duhu, kamar baƙuwa a gidanta. Babba yarinya ce, na yafe mata. Kai fa? Yaushe na zama abin da ake ɓoye wa labarin 'ya'yana? Ina da saurin fushi, na ji. Amma fushina bai taɓa hana ni kai yaro asibiti ba, kuma sanyinka bai taɓa wanke zanin gado ko ɗaya ba.

Auta ta rame, yau na kalle ta da kyau. Siket ɗinta yana zamewa. Na ɗauka tsawo take yi, ga shi tana cin abinci kamar me. Zan bari ta huta zuwa Litinin in gani.

Kada ka kira ni. Ka rubuto, ina so in ga amsarka da idona. Inna tana gaishe ka.

Uwar Yara

*

Zuwa ga Baban Yara,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Kafin komai, ka kwantar da hankalinka: Auta tana raye, tana gabana yanzu haka tana barci. Daga asibiti nake rubuta maka, a kan 'yar durowar gefen gado, don haka ka yi haƙuri da rubutun. Na sa an yi ta neman wayarka ba ta shiga.

Ba mu kai Litinin ɗin ba. Ranar Asabar da safe ta fara amai, tana riƙe ciki. Kafin hantsi numfashinta ya canza, tana jan shi da ƙarfi kamar wadda ta yi gudu, bakinta yana wani wari kamar na 'ya'yan itace da suka fara lalacewa. Na kira sunanta ta buɗe ido ta kalle ni kamar ba ta san ni ba. Na rasa wanda zan kira. Sai na buɗe zauren nan da na tsine wa, na nemo lambar Maman 'Yan Biyu, matar da na wanke tas a bakin get. Ba ta tuna mini ko kalma ɗaya ba. Ta ce in naɗe ta a zani in fito bakin titi. Da motarta ta zo, ta shigar da mu ta ƙofar gaggawa tana kiran abokan aikinta da sunayensu.

Ciwon sukari ne, irin wanda ke kama yara. Na tambayi likita ko burodin da nake kawo musu ne ya jawo. Ya ce a'a, ba burodi ba ne, ba alewa ba ce, ba laifin kowa ba ne, jikinta ne ya daina yin abin da ke sarrafa sukari. Amma ya ce jinkirin ya kusa kai ta inda ba a dawowa. Da an gwada ta tun da alamun suka fara, da ɗigon jini ɗaya a ɗan yatsa ya isa, ba sai ta kwanta da ƙarin ruwa a hannu biyu ba. Sannan ya tambaye ni, "Tun yaushe ta fara yawan fitsari?" Uwa ce a tsaye gaban likita ba ta san amsa ba. Na so in ba shi lambarka da ta Hedimasta in ce ya tambayi masu ilimin.

Jiya da hantsi malamar ta zo. Na yi mamakin ganinta a lokacin makaranta, cikin kayan gida. Ashe matakin da Hedimasta ya ɗauka ke nan, ya dakatar da ita tun ranar da na je. Ta tsaya daga ƙafar gado ta daɗe tana kallon Auta. Wannan karon ban katse ta ba.

Ta ce tun farkon zango ta lura. Yarinyar da ke riga kowa gama lissafi ta koma kwanciya a kan tebur, tana roƙon ruwa kamar mai azaba. Ta kai ofis, aka ce an gaya wa uba. Ta koma, aka ce uba ya ce yarinta ce. Ta roƙi lambar uwa, sakatariya ta ce babu, kuma ko da akwai doka ta hana. Ta ce ba ta san sunan ciwon ba, ta dai san yarinyar tana narkewa a gabanta. Ranar Litinin ɗin nan da ta ga Auta ta kasa ɗaga kai, sai ta shiga zaure ta nemo lambata a cikin jerin iyaye don ta turo mini ni kaɗai a ɓoye. Yara na ihu, ta tura a wurin da bai kamata ba.

Na so in ce mata wani abu game da maganar haihuwar nan da na yaɓa mata. Na tashi na ba ta kujerar, ni na zauna a bakin gado. Iyakar abin da na iya ke nan. Da Auta ta farka ta gan ta, sai ta ja zani ta rufe fuska. Malama ta ga haka, ta miƙe ta yi sallama.

Ka ga yadda abin ya kasance? A duk makarantar nan mutum ɗaya ce ta damu har ta karya doka, ita aka kora, kuma da bakina aka kore ta. Wanda ya kafa dokar yana nan ƙarƙashin fankarsa. Ko a kira a ce yaya jikin yarinya, ofishin bai yi ba. Wataƙila sun kira ka.

Ban huce ba, kada ka ɗauka asibiti ya sanyaya ni. Na dai gane inda ya kamata fushin ya sauka. Inna tana gida da Babba, ta san komai yanzu, kuma tana da tata maganar da kai. Ka yi wa Auta addu'a.

Matarka,
Uwar Yara

*

Zuwa ga Baban Yara,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ka lafiya. Mun dawo gida, jikin Auta alhamdu lillahi, kumatunta sun fara dawowa. Na koyi yi mata allura, Maman 'Yan Biyu ta koya mini a kan lemo kafin in taɓa fatar 'yata. Ranar farko ni na yi kuka, ita ta ce, "Mama, ki yi sauri mana." Mai gidan burodi ya mayar da ni aikin rana don in riƙa shirya ta da kaina.

Wasiƙarka ta iso, na karanta ta fiye da sau ɗaya. Ka ce ka ga ina fama da aiki da gida da Inna, ba ka so ka ƙara mini kaya. Ka ce da Hedimasta ya kira ka sai ka ji daɗi, ka ji har yanzu kai uba ne ba mai aiko kuɗin cefane kawai ba, shi ya sa ka riƙe maganar a hannunka. Na yarda gaskiya ka faɗa, kuma na ga inda tawada ta jiƙe. Amma ka riƙe abin da ba ka iya dubawa daga inda kake, kuma jikin 'yarka ne ya biya. Ba zan ce maka ba komai ba. Akwai komai.

An yi taron iyaye da malamai ranar Asabar, a babban ajin nan da suke haɗa bencina. Hedimasta ya yi bayanin fenti da gyaran famfo. Can ƙarshe ya ce an samu wani ɗan kuskure a zauren waya, uwar yarinya ta yi ƙorafi, makaranta ta hukunta mai laifi, an rufe magana. Ya fara tattara takardunsa.

Na miƙe. Na ce ni ce uwar, kuma magana ba ta rufu ba. Na ce duk kun karanta saƙon, wasunku sun yi dariya, wasunku sun karanta wa yaransu, to yau ku ji sauran. Na faɗi sunan ciwon. Na faɗi abin da likita ya ce. Na faɗi sau nawa malama ta je ofis aka mayar da ita. Na ce an kira mijina, ban ɓoye ba, kuma ban kare ka ba. Sannan na juya ga matan da ke wurin na ce, duk wadda ta tabbata ofishin nan yana da lambarta ta ɗaga hannu.

Baban Yara, hannaye kaɗan ne suka tashi. Sai wuri ya kaure. Wata ta ce ɗanta ya faɗo daga lilo ya fasa goshi, mijinta aka kira yana kan tafiya, ita tana gida layi biyu da makaranta. Wata ta ce sun rabu da uban yaranta tun tuni, amma har yau shi ake gaya wa komai, ita sai dai ta ji a bakin yara. Wani dattijo da ke riƙon jikarsa ya ce lambar ɗansa da ya rasu ce har yanzu a wurinsu. Hedimasta yana ta "a yi haƙuri, ɗaya bayan ɗaya," babu mai jinsa. Ƙaton nan mai fuskar dariya ya zo har inda nake ya ba ni haƙuri. Na ce ba ni zai ba, ya je ya gyara bakin ɗansa.

Ba a tashi ba sai da aka tsayar da magana. Za a karɓi lambar duk wanda yaro yake kwana a hannunsa. In abu ya shafi lafiya, malami zai kira iyaye da kansa ba sai ya bi ta ofis ba. Kuma a dawo da malama. Hedimasta ya amince da fuskar wanda aka ba magani mai ɗaci, har yana cewa dama suna da niyyar duba tsarin. Na ƙyale shi da wannan ƙaryar.

Malama ta koma aji. Ranar da na mayar da Auta na same ta ita kaɗai, na nuna mata abin da za ta yi in ta ga yarinyar tana gumi ko rawar jiki, na ba ta abin zaƙin da za ta ajiye a durowarta saboda ranar da sukarin ya yi ƙasa. Na janye maganar da na faɗa mata a ofis, na ce ban kyauta ba. Amma na ce mata saƙon nan har yanzu yana ci mini rai. Ta ce, "Ni ma haka." Muka tsaya a nan. Yanzu Auta tana fita ban-ɗaki ba sai ta ɗaga hannu ba, kuma tana cin abincinta a lokacin da likita ya ce, ko ana tsakiyar darasi.

Sunan Famfo bai mutu ba. Ya ragu, amma akwai yara biyu da ke yin ƙarar ruwan in malama ta juya baya. Wannan babu taron da zai goge shi. Auta tana shiga get tana riƙe hannuna da ƙarfi, sai ta ga tagwayen nas sannan ta sake ni.

Ka ce an ba ka hutu, za ka biyo direban a zuwansa na gaba. Allah ya kawo ka lafiya. Ka zo da shirin koyon allura, domin ba zan zama ni kaɗai na iya ba. Kada ka sayo alewa a hanya.

Akwai kuma abu ɗaya. Jiya ina taje wa Auta kai ta tambaye ni, ba ta juyo ba, wai Baba ya san tana fitsari a aji? Na ce ya sani. Sai ta ce, "To me ya sa bai zo ba?" Na ce ta bari in ka zo ta tambaye ka da kanta. Na gaji da amsa tambayoyin da ba nawa ba. Kana da tsawon hanya, ka yi tunanin abin da za ka ce mata, kuma kada ka ce mata aiki.

Inna da Babba suna gaishe ka. Auta ta ce in ce maka ta daina jin tsoron allura.

Matarka,
Uwar Yara